Waƙar da La'asar Ta Yanke

Bari in fara da gabatar da shaidar karatuna, don kada wani ya gama karantawa ya ce an yaudare shi. Na yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Da na shiga na biyar, sai dai ni da mushe, wato malaminmu, muka sami saɓani a kan lissafi, shi yana da bulala, ni ina da ƙafafu. Saboda haka Faransancina bai wuce gaisuwa da zagi ba, Larabcina na bakin tashar jirgin ruwa ne, Turanci kuwa ko zo in kashe ka ba na ji. Da wannan tarin ilimi ne na zauna na tsara wa Turawan Ingila biyar waƙoƙinsu, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa na fi su iyawa.

Aikin hajji ya kawo ni ƙasar nan, na sauke farali, na manta hanyar gida kamar yadda dubbai suka manta. Na sami ɗaki a unguwar Karantina a Jidda, na shiga dako a Tashar Jiragen Ruwa. A can na san ma'aikatan jirgi, mutanen da kowanne ke saukowa da abin sayarwa a cikin riga: agogo, turare, tabarau, wani lokaci faifan garmaho. Wani Balarabe ɗan Jidda mai shagon kaset a Aziziyya ya lura cewa ina iya ciniki da Bagirike da ɗan Filifin da hannu da ka, ba tare da kalma ɗaya ba. Ya ɗauke ni, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama. Ina ce masa ya ammi, wato baffa, kamar yadda ake yi. Shi kuma yana ce mini ya Hajj idan yana son abu, ya Takruni, sunan da suke kiran mu baƙaƙen fata, idan ya riga ya samu.

A jikin iƙama akwai layin da ake rubuta sana'ar mutum, mihna suke ce masa. Ni abin da aka rubuta mini shi ne mai shara. Ban damu ba a lokacin, takarda ce, kuma gaskiya ina share shagon da safe. Sai da na je gida na yi aure na dawo sannan na gane abin da layin nan yake nufi. Mai shara ba a ba shi izinin kawo iyalinsa. Wanda aka rubuta masa fanni, wato ƙwararren ma'aikaci, shi ake ba wa. Kalma ɗaya ce tsakanina da matata, kuma kafili ne kawai ke iya sa a sauya ta.

To ga aikin da mai sharan nan yake yi a ɗakin baya. Akwai garmaho ɗaya, rikoda babba ɗaya, da injin kwafa mai baki shida. Ina ɗora faifai, in ɗauki waƙar a kan kaset ɗaya da muke kira uwa, daga uwar nan a haifi 'ya'ya. Kada ku tambaye ni ko masu waƙa sun sani. A wancan zamani duk layin haka ake yi, kuma babu Baturen da ya taɓa zuwa Aziziyya neman ba'asi.

Akwai wasu makaɗa da samarin Jidda suka haukace a kansu, gardawa biyar masu gashi har kafaɗa, masu kiɗan nan da ake kira rok. Jita biyu, ganga, wani mai jita mai ƙaton sauti kamar ciki yana ƙugi, sai mawaƙin, wanda ke rera waƙa kamar an taka masa ƙafa da kamyo, babbar motar kaya. Na farko da na ji su na ɗauka garmahon ne ya lalace. Bayan wata uku ina shara ina kaɗa kai.

Su waɗannan mutane ba sa sakin waƙa a dunƙule. Ɗaiɗai suke fitar da ita a kan ƙaramin faifai mai faɗin faranti, da ƙaton rami a tsakiya, waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ku yaran yanzu da kuke latsa waya waƙa ta zubo, ku tsaya ku ji wahala: mutum ya ji waƙa ta minti uku, ya tashi, ya juya faifai, ya zauna, minti uku, ya sake tashi. Direban tasi ba zai iya wannan ba. Kowa so yake a tara masa su wuri guda a kaset. An ce kamfaninsu yakan tara su a babban faifai bayan shekaru, amma wannan babban faifan bai zo mana ba, ƙananan ma sai wanda jirgi ya kawo.

Ni na tara su. Shekara biyu ina bin jirage, wannan daga hannun ɗan Filifin, wancan daga wani Bature mai gyaran inji wanda ya musanya mini da darduma. Da suka kai goma na jera su a gaban kafili na ce, "Ya ammi, zan haɗa su a kaset ɗaya."

Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Wa zai sayi ihun nan?"

"'Ya'yanku, ya ammi."

Ya yi dariya. Ranar yana cikin nishaɗi, ya ci ribar wani abu. Sai na ga ƙofa a buɗe, na sa ƙafa. Na ce idan kaset ɗin ya yi kasuwa, ya sauya mini mihna in kawo iyalina.

"Ala raasi," ya ce, wato na ɗauka a kaina, yana dafa kansa. "Ya yi kasuwa kawai, ya Hajj, ka zama fanni. Ni da kaina zan tarbi amarya a filin jirgi."

Ba shaida, ba takarda. Dafa kai ne kawai, kuma ni a lokacin na ɗauka kan mutum abu ne mai nauyi.

Na zauna tsara waƙoƙi kamar alƙali yana rabon gado. Ban san sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa: Mai Tari, Mai Ƙararrawa, Wadda Mai Ganga Ya Haukace. Na fara da mai ƙarfi don direba ya farka. Bayan masu ƙarfi uku sai in sa mai sanyi, saboda ko fushi yana bukatar shan ruwa. A ƙarshen fuska ta farko na ajiye wadda in ta ƙare hannunka zai kai ga juya kaset ba ka sani ba. Kuma ban zubar da waƙoƙin baya ba. Na lura waƙar gaba ta kasuwa ce, an yi mata wanka an shafa mata mai. Ta baya kuwa ita ce wadda suke yi wa kansu, bayan sun ɗauka ba mai saurare. Uku daga ciki sun fi na gaban su nesa ba kusa ba, na sa su a wurin girma.

Hoton bango ma ni na gyara. Gardawan sun tsaya ƙirji a waje, gashi ya zubo, biyu daga cikinsu in ka kalla daga nesa sai ka yi musu sallama irin ta mata. Kafili ya ce ba za a rataya wannan a shagonsa ba. Na ɗauki baƙin alƙalami na ɗinka wa kowanne riga har wuya, na ƙara wa biyun nan gemu don kauce wa zargi. Sun fito kamar ɗaliban da suka tuba a makon nan.

Saura waƙa ɗaya. Kowa na tambayarta, ba wanda ya kawo ta. Na bar mata gurbi a ƙarshen fuska ta biyu, uwar kaset tana zaune wata da watanni da wannan ramin. Rannan na same ta wurin wani Bagirike mai dafa abinci a jirgin siminti. Ya ƙi sayarwa ƙememe, ya rungume ta a ƙirji. Da ƙyar ya yarda ya biyo ni shago in ɗauka a gabansa, ya nuna mini agogo, ya nuna teku: jirginsu zai tashi kafin magariba.

Na saurare ta sau ɗaya don in daidaita sauti. Doguwa ce, ta kusa minti shida. A tsakiyarta mawaƙin yana yin shiru, jita ta kama kuka ita kaɗai, tana hawa tana sauka kusan minti biyu, sannan ya dawo. Na mayar da allura farko, na danna ɗauka. Tana tsaka da tafiya, mawaƙin ya yi shirun nan ke nan, sai ladan ya kira la'asar.

Wanda bai zauna a garin nan a wancan lokaci ba ba zai gane ba. Ba a cewa bari waƙar ta ƙare. Kiran salla na tashi, kiɗan duk layin yake mutuwa lokaci guda, ƙofofin ƙarfe su sauko. Kafili ya ƙwalo daga gaba, "Salla! Kashe! Yalla!" Na tsayar da rikoda, na ɗage allura, muka fita. Bagirike ya tsaya a inuwar bango, faifansa a kulle a ciki, yana faɗin abubuwa da yarensu waɗanda ba na jin addu'a ce.

Da aka ɗaga ƙofa ya riga ni shiga. Ya tsayar da tasi a waje, hannunsa na kan faifan. Na roƙe shi minti shida in sake daga farko, ya nuna mini yatsa biyu. Sai na yi bisimilla, na kalli zanen faifan, na sauke allura inda na ga dama ta. Ta faɗa daidai inda mawaƙin ke dawowa. Waƙar ta ƙare, ya fizge kayansa, ban sake ganinsa ba.

Na saurari abin da na samu. Kukan jitar nan duka ya tafi. Amma mahaɗin ya zauna a kan bugun ganga, cif, ko numfashi babu a tsakani. Wanda bai san waƙar ba ba zai taɓa cewa an taɓa ta ba. Na yi wa kaina fatawa: a wurin da ya ɓata mawaƙin bai ce komai ba, saboda haka ba a rasa magana ba. Ban gaya wa kowa ba.

Kaset ya fita, kuma sai ku tambayi duk wanda ya yi samartaka a Jidda a shekarun nan. Injin kwafa ya yi ta aiki har yana ɗaukar zafi muna ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma. Sauran shaguna suka saci namu kamar yadda muka saci na Turawa. Ina tsaye bakin titi mota za ta wuce, in ji waƙar ƙarshe ta yi tsallen nan nawa, in ce a raina, wannan jikana ne. A jikin kwali sunan shago ne, da lambar akwatin gidan waya. Nawa sunan ko a gefe babu, ban kuma nema ba. Ba suna nake so ba.

"Ya ammi, maganar mihna."

"Bukra, in sha Allah."

Gobe ke nan. Na koyi goben Larabawa ciki da waje. Akwai goben bayan Ramadan, akwai goben bayan hajji, akwai goben mutumin da ya san ofishin ya tafi hutu, akwai goben doka ta sauya, a jira ta sake sauyawa. Shekara shida ina cin goben nan. Sau biyu na je gida a tsakani, wata bibbiyu, kowane zuwa in ce wa matata ta fara haɗa kaya. Ta haɗa kuwa. Ta sayar da akuyoyinta, don ba a shiga jirgi da akuya.

A shekara ta bakwai ɗan 'yar'uwar kafili ya dawo daga karatu a Ingila, da gashin baki da jakar fata. Ya kawo wa kawunsa tsaraba: babban faifan da kamfanin gardawan nan ya fitar, wanda aka tara waƙoƙinsu a ciki. Faifai biyu ne a kwali mai buɗewa kamar littafi, da hotuna, da shekarar kowace waƙa a gefenta. Aka kira ni in ɗora.

Zan faɗi ra'ayina a matsayina na abokin sana'a. Aikin malalaci ne. Sun jera waƙoƙin bisa shekarun haihuwa kamar 'yan makaranta a layi, masu sanyi uku a jere, mutum ya yi barci a kan sitiyari. Waƙoƙin baya kuwa ko ɗaya ba su sa ba, sun zubar da su kamar ba su suka haifa ba. Ina cikin wannan raini, har na fara murmushi, sai aka zo waƙar Bagirike. Mawaƙin ya yi shiru. Jikina yana jiran ya dawo nan take kamar yadda ya saba. Bai dawo ba. Jita ta kama kukanta, minti biyun nan da na binne suka tashi a gaban kowa.

Kafili ya karkata kai. "Wannan daga ina?"

"Haka waƙar take, ya khali," in ji saurayin. "Wannan wurin ma shi ne waƙar. Don shi ake sayenta."

Aka ɗauko namu aka sa. Saurayin ya yi dariya har ya zauna a kan kwali. Ba na jin da mugunta ya yi, abin dariya ne, ni ma da a kan wani ya faɗa da na dara. Kafili bai yi dariya ba. Na kalli fuskarsa, na ga abin da ban taɓa mantawa ba: sauƙi ne ya sauko masa, irin na wanda aka ɗauke wa buhu daga ka.

"Ya Takruni, kai ka yanka?"

"La'asar aka kira, ya ammi. Kai ka ce in kashe."

"Allah ya karɓi ibada. Na ce ka kashe, ban ce ka yanka ba." Ya juya ga saurayin yana nuna ni da carbi. "Ka ga wannan? Shekara bakwai yana bina in rubuta masa fanni. In je ofis in rantse cewa ƙwararre ne? Wannan ai mahauci ne. Ka ci sa'a ma ban rubuta haka ba."

Aka sa ni na yi sabuwar uwa daga faifan kamfani, aka buga, aka jera a gaba. Ku ji abin da ya faru. Cikin mako guda mutane suka fara dawo da shi. Wani direban tasi ya ajiye nasa a kan kanta ya ce an ƙara wa waƙar ruwa, shi a ba shi ta asali, ba wannan da aka ja kamar roba ba. Wani ya ce ina Mai Ƙararrawa, ba da wannan sunan ya kira ta ba amma ita yake nufi, waƙar baya ce. Kafili da kansa ya ɗauko tsohuwar uwa daga aljihun tebur ya ajiye a gabana. Aka ci gaba da buga nawa, aka ƙara kalma ɗaya a kwali da jan rubutu: asali.

Na ba shi wata guda ya ji kunya. Sannan na ce, "Ya ammi, ga shi mutane sun zaɓa."

"Mutane jahilai ne," ya ce. "Ni ofis nake jin tsoro, ba mutane ba."

A hajjin shekarar wani alhaji daga unguwarmu ya kawo mini saƙo daga matata. Ita ba ta rubutu, ni kuma rubutuna sai ni, saboda haka a kaset muke aika wa juna magana. Na sa a rikodar shago lokacin hutun rana. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta ba ni labarin damina da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ina jin kaji a bayanta, sai ta ce:

"Alhaji, ba na zarginka da komai. Amma sa'o'ina duk sun yaye na uku, ni ko ɓari ban yi ba, kuma ba za a haihu da kaset ba. Kayan da ka ce in haɗa, asu ya ci zannuwan. In takarda ta fito, ka aiko. In ba ta fito ba, ka dawo, ko gero za mu ci. In ba za ka dawo ba, ka sawwaƙe mini don Allah, tun ina da sauran shekaru."

Za ku ce me ya hana ni komawa. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ku tambaya. In koma Damagaram in yi me? In ce musu ni ne na tsara wa Turawa waƙa? Na fita da sunan Alhaji na Makka, in dawo da rediyo da jallabiya biyu. Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, a ɗakin bayan nan ne kaɗai a duniya na iya wani abu da wani bai iya ba. Na ce wa kaina saura ƙiris, kafili ya kusa yarda.

Na ɗauki kaset ɗin na kai masa. Ban taɓa roƙonsa haka ba. Na ce ya ji da kunnensa, ko bai jin Hausa zai ji muryar. Ya saurara kuwa har ƙarshe, da ladabi, hannu a haɓa. Da ta gama ya ce, "Sautin bai fita ba. Ka gaya musu su riƙa matsowa kusa da rikoda, kuma su kori kajin." Sannan ya ce in bari bayan hajji, yanzu ofisoshi a cike suke.

Alhajin unguwarmu zai tashi ranar Asabar. Ranar Juma'a bayan an sauko na kira shi ɗakina a Karantina, shi da maƙwabcina, wani tela ɗan Cadi, su zama shaidu. Na ɓare sabon kaset, mai kyau, irin wanda muke ajiyewa don uwa. Na gaishe ta, na gaishe da iyayenta, na ce ba ta yi mini laifin komai ba, na sake ta saki ɗaya. Shaidu suka faɗi sunayensu. Duka bai kai minti uku ba, sauran kaset ɗin fanko ya tafi. Tela ya ce in ƙara wata magana mana, ko ban haƙuri. Na kashe rikoda. Daga baya na ji ta auri wani mai sayar da fata a Maraɗi, ta haihu har ta aurar. Allah ya yi musu albarka, da gaske nake.

Ranar Lahadi na buɗe shago na yi shara. Kafili ya zo wajen hantsi, ya ga idona, ya tambaya ko zazzaɓi ne. Na gaya masa. Ya yi salati, ya dafa kafaɗata, ya aika aka kawo mini shayi da madara, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce mata haka suke, ba su da haƙuri. Ya kurɓi nasa shayin, ya yi ɗan tunani, fuskarsa ta washe.

"To halas, shi ke nan, ya Hajj. Ka ga yanzu ba sai mun wahala da maganar mihna ba."

Ya turo mini kwalin fankon kaset da ƙafa, ya ce masu shagon Makka suna jira kafin azahar.